Tanti, ɗakin matafiyi: abin da nake dubawa kafin in fidda kuɗina

Ƙasarmu faɗi gare ta, kuma duk wanda abincinsa ke bisa hanya ya san haka a jikinsa. Daga Yamai zuwa Agadas ta hanyar Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 900, daga Yamai zuwa Damagaram ma kusan haka ne, balle wanda zai bar gudro ya nufi rijiyoyin Azawak ko kasuwannin Damargu. A irin waɗannan wurare babu otel, kuma ko da akwai masauki, ranar taro ba ya isar rabin baƙi. Ɗan kasuwan da ya kai shinkafa da atamfa bikin makiyaya na Ingal, wanda ake kira Cure Salée, da ma'aikacin da aka tura rangadin allurar dabbobi ko ƙidaya, da maigidan da ya kwashi ɗiyansa lokacin hutun lakwal don su ga garin kakanninsu, dukansu tambaya guda ke jiransu in rana ta faɗi: ina za a kwana? Shekaru da dama aikin rangadi ya sa ina kwana cikin tanti, nawa da na aro, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani game da zaɓen tanti mai yalwa wanda kuma kuɗinsa ba zai karya mutum ba.

Wani zai ce tabarma da bargo sun ishi namiji. Gaskiya ne a daren kaka mai sanyin daɗi, lokacin da sama take garau. Amma bikin Ingal a watan Satumba ake yinsa, damina ba ta gama naɗe kayanta ba, sauro na nan da zazzaɓinsa, hadari kuma kan taso ba sallama. A watan Disamba da Janairu sanyin Abzin kan sauko kusa da inda ruwa ke ƙanƙara, iskar hunturu kuma ta cika wa mutum hanci da ƙura. Ga kunama, ga maciji, ga kayan ciniki da ruwa ke ɓatawa, ga kuma sutura, domin wanda ya tafi da iyali ba zai kwantar da su a fili gaban idon kowa ba. Saboda haka tanti lafiya yake tsarewa, da dukiya, da mutunci.

Abu na farko shi ne yalwa, kuma a nan ne aka fi ruɗar mai saye. Kowane tanti na kanti yana zuwa da lamba a jikin jakarsa: na mutum 2, na mutum 4, na mutum 6. Masu ƙera shi sukan ba kowane mutum faɗin wajen santimita 60, watau gwargwadon kafaɗun mai kwanciya a miƙe, ba juyi, ba kaya. Tantin da aka ce na mutum 4 ne, sau da yawa faɗinsa santimita 240 ne, tsawonsa 210, abin da ya kama murabba'in mita 5 da ɗan ɗoriya. An yi wannan lissafi ne don matafiyin Turai mai ɗaukar ɗakinsa a baya, wanda jaka guda ce dukiyarsa. Mu kuwa da bido na ruwa muke tafe, da buhun gari, da akwatin takardu ko ƙunshin haja, da buta, da kayan shayi, da babbar riga wadda ba a so ta yamutse. Don mai karatu ya gane bambancin, sai ya dubi ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi: aƙalla murabba'in mita 3 da rabi ga kowane mutum a matsuguni. Tantin iyali na hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, an yi shi ne don mutum 5, faɗinsa duka murabba'in mita 23, nauyinsa kuwa ya haura kilo 50. Matafiyin kwana uku ba ya bukatar wannan duka, amma ya kamata ya san cewa lambar da ke jikin jaka ta kwanciyar kifi a gwangwani ce.

Ƙa'idata mai sauƙi ce. In mu biyu ne, na mutum 4 nake nema. In mu huɗu ne, na mutum 6 ko fiye. Kuma ba na yarda da lamba sai na ga an kafa tantin, na shimfiɗa tabarma ciki na kwanta, domin gani ya kori ji. Bangon tanti mai siffar ƙwarya a kife yana karkata ciki, don haka faɗin da aka auna a ƙasa ya fi wanda jiki ke mora, dogon mutum sai ya ji kansa da ƙafafunsa suna taɓa zane. Sai kuma tsayi. Yawancin ƙananan tantuna ba su wuce santimita 120 zuwa 140 a tsakiya ba, mutum ba ya iya miƙewa ciki. In sama garau take, a waje ake salla, ba matsala. Amma ranar da ruwa ya tsuge daga magariba har lisha, wanda tantinsa ya kai santimita 190 shi ne zai tsaya ya yi sallarsa yadda ya saba, ya sauya tufa ba tare da rarrafe ba. Sai dai kowane alheri da kuɗinsa: dogon tanti iska ta fi samunsa, yana son igiyoyi da turaku fiye da gajere. Ina kuma son mai zaure a bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma da bido, don kada rairayi ya bi mutum har shimfiɗa. Mai tafiya da iyali kuwa ya nemi mai ɗaki biyu da labule a tsakani, ko ya sayi matsakaita guda biyu maimakon ƙato guda, domin biyun sun fi sauƙin kafawa, kuma in ɗaya ya lalace ɗaya na nan.

Abu na biyu shi ne zanen kansa. Iri uku na fi gani. Akwai na nailan, marar nauyi, wanda masu hawan dutse ke so, amma rana na cinsa da wuri, ranarmu kuwa kowa ya san ba ta wasa. Akwai na foliyesta, wanda ya fi nailan jimre rana, ba ya saki in ya jiƙe, kuma shi ne aka fi samu da araha. Akwai na auduga mai kauri, irin na soja, wanda yake numfashi, ya fi sanyi da rana, zarensa kuma kan kumbura in ruwa ya taɓa shi har ya toshe ƙofofin saƙa. Aibinsa nauyi, da tsada, da rima in an naɗe shi da danshi. Wanda ke da katkat ko gurbi a kamyo kuma yake daɗewa wuri guda, na auduga ya fi masa. Wanda ke shiga motar haya yana tashi kowace safiya, foliyesta ya fi masa.

A jikin takardar tanti akan rubuta wata lamba da milimita, kamar 1500 ko 3000. Ma'anarta ita ce tsayin ruwan da za a tara bisa zanen cikin bututu kafin ya fara tsattsafowa. Ga rufi, daga 1500 zuwa 2000 ya isa yawancin ruwan da muke gani. Ga daɓen ƙasa, inda gwiwa da nauyin jiki ke danna zane bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, gara 3000 ko fiye. Amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ya kwana a tanti ya san ta wurin ɗinki ruwa ke fara shiga. Sai a juya zanen a duba ko an bi kowane ɗinki da siririn manne ta ciki. In babu, lambar banza ce. Tanti mai rufi biyu, na ciki mai raga da na waje mai tare ruwa, ya fi mai rufi guda nesa ba kusa ba: tururin numfashi yana fita ta raga maimakon ya taru ya ɗigo wa mai barci, kuma a daren zafi ana iya yaye na wajen a kwana cikin ragar kamar cikin sange, iska na shiga sauro na waje. Daɓen kuma ya kasance a ɗinke da bango, ya ɗan hau sama kamar bakin tasa, domin ta nan kunama da ruwan gudu ke neman hanya.

Abu na uku, sanduna da turaku. Tantunan araha da sandunan zaren gilashi suke zuwa, masu lanƙwasuwa, waɗanda in sun gaji sukan tsage a tsaye su zama tsinke mai huda zane da hannu. Na alminiyam sun fi ƙarfi da rashin nauyi, sun kuma fi tsada. Na ƙarfe nauyi gare su, amma kowane mai walda a Abalak ko Tanut zai iya gyara su, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke nesa da kanti. Turakun da ake sakowa cikin jaka, siraran wayoyi masu tsayin tafin hannu, don ƙasar ciyawa mai danƙo aka yi su. A rairayinmu yaro ma zai zare su da yatsa biyu. Ni wurin maƙeri nake zuwa ya yanka mini rodi mai tsayin kamu guda ya lanƙwasa kansa. Inda rairayi ya yi laushi ƙwarai, sai a ɗaure igiyar a guntun itace ko buhun da aka cika da ƙasa, a binne shi a kwance. Iska ba ta tumɓuke wannan.

Na ga amfanin haka da idona wata shekara a Ingal. Muna zaune bayan la'asar sai gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar bango, kowa ya san abin da ke bayanta. Kafin ɗigon farko ya faɗo, tantuna da yawa na baƙi sun kwanta, wasu sun tashi sama da turakunsu suna reto, masu su na bin su da gudu. Wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu, wanda ya zo da buhunan sukari da kwalayen shayi, ya tsaya yana kallon ruwa na narkar da jarinsa cikin tantin da ya tsage daga sama har ƙasa. Can gefe kuwa ɗakunan Abzinawa suna nan daram, ko gezau. Da gari ya waye na je na dube su da kyau. Gajeru ne, sun yi kwance da ƙasa, bayansu na gabas inda hadari ke fitowa, ƙofarsu na yamma, kuma igiya ta kama su ta kowane gefe. Na fata an ɗinka shi ne da fatun awaki da tumaki masu yawa, an shafe shi da jar ƙasa da mai. Na Abzin kuwa tabarmin kaba ne bisa lanƙwasassun itatuwa, in zafi ya yi a ɗaga gefe iska ta ratsa. A al'adarsu ɗakin na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, ita ke kafa shi ita ke naɗe shi. Darasin da na ɗauko wurinsu ya fi duk abin da na karanta a takardar kanti: a juya wa gabas baya, a ja kowace igiya tun sama na garau, kada a jira sai ƙura ta taso.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun kowa. Manya cikin masu karatu suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikaci da ɗan kasuwa suka koma neman na hannu da na bosho. Wannan ɗabi'a ta neman sauƙi ba laifi ba ce, amma araha ba ta ado, kuma ni da kwana nake auna kuɗin tanti. A ce mutum ya sayi na jika 20, ya yi masa kwana 10 ya yage: kowane dare ya ci masa jika 2. Wani kuma ya sayi na jika 70, ya yi shekara 5 yana kwana 20 cikinsa kowace shekara: daren ya tsaya masa dala 140. Wane ne ya sayi mai araha? Haka nan kuma ba na ba kowa shawarar ya sayi mafi tsada, domin tantunan da kuɗinsu ya fi yawa sau da yawa rashin nauyi ake saya a cikinsu, ko jimre ƙanƙarar duwatsun Turai, mu kuwa mota ke ɗaukar mana kaya, ƙanƙara kuma ba ta cikin damuwarmu. Akwai irin da ake jefawa ya buɗe da kansa, wanda kamfanin Decathlon na Faransa ya fito da shi a 2005 da sunan Quechua 2 Seconds, wasu kuma suka kwaikwaya. Yana da daɗin kafawa ga mutum guda ko biyu, amma a naɗe faifai ne babba mai cin wuri, kuma ba shi ne amsar mai neman yalwa ba.

Wanda zai sayi na hannu, a Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ya tafi da haƙuri da buta cike da ruwa. Ya sa a warware tantin duka a kafa shi. Ya shiga ciki da rana ya ɗaga kai, duk hudar da ke jiki za ta nuna kanta kamar tauraro. Ya shafa cikin zanen: in yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana wari mai tsami, maganin tare ruwan ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ya ja kowane zif sama da ƙasa sau da yawa, domin ƙura zif take fara kashewa, tanti marar ƙofa kuwa rumfa ce. Ya ƙirga sanduna ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zuba ruwan butarsa bisa ɗinki ya ga abin da zai faru. Mai kaya na ƙwarai ba ya ƙin wannan. Wanda ya ƙi ya riga ya ba ka amsa.

Akwai hanya ta uku da mutane kan manta, ita ce ɗinkin gida. Masu ɗinka tamfol na kamyo da rumfunan biki sun iya aikin, mai walda kuma ya haɗa ƙarafan da ake zarewa. Na taɓa kai wa wani tsohon maɗinki awon abin da nake so, ya duba ya ce: "Ɗana, wannan leda mai sheƙi da ka nuna, ruwa ba zai shige ta ba, amma da hantsi za ta dafa ka. Bari mu sa ta a rufi kaɗai, bango mu yi na auduga, mu buɗe taga biyu masu kallon juna mu sa musu raga." Na ce: "Baba, yadda ka gani." Tantin ya yi nauyi, mutum guda ba ya kafa shi, amma in ya yage allura da zare sun ishe shi, kuma kuɗin a garinmu ya tsaya. Ƴan kasuwar da ke tafiya tare suna iya haɗa kuɗi su yi guda babba, wanda kuma sau ɗaya a shekara yake fita, aro ko haya sun fi masa saye.

Abu guda ne ba na saye ko an karya mini kuɗinsa, shi ne tanti mai tambarin agaji. Tun da rikici ya kori jama'a daga gidajensu a yankin Difa da iyakar Mali, kuma ambaliya ta rushe gidaje da yawa a 2020 da 2024, ana raba irin waɗannan tantuna, wani lokaci kuma sai ka ga ɗaya a kasuwa. Yalwa gare shi, ƙarfi gare shi, ga araha. Amma ɗayan biyu ne: ko an karkatar da shi kafin ya kai ga mai shi, ko yunwa ta sa mai shi ya sayar ya koma ƙarƙashin itace da ɗiyansa. Kowanne ne, ban ga yadda barci zai yi mini daɗi a cikinsa ba.

Saura gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa nauyi, domin shi na rai ne. Kada a shiga da wuta cikin tanti. Mu mutanen shayi ne, kuma a daren sanyi zuciya kan raya wa mutum ya jawo kaskon gawayi ciki ya ja zif. Gawayi yana fidda wata iska marar launi marar wari, wadda likitoci ke kira monoksid na karbon. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya fara da ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. Wani direba da muka yi rangadi tare, Allah ne ya yi da sauran kwanansa: abokin kwanansa ya fita kama ruwa, iska ta buge shi ya ji kansa ya washe, ya koma ya jawo shi waje yana amai. Zanen roba kuma in ya kama wuta narkewa yake yana ɗiga a jiki. Alhazanmu ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci dubban tantuna da rayuka fiye da 300, har ta sa hukumomin Saudiyya suka sauya tantunan auduga da waɗanda wuta ba ta ci. Shayi a waje, girki a waje, haske kuwa cocila ta isa.

Haka nan wurin kafawa. Rairayin ƙorama ya fi ko'ina laushi da tsabta, shi ya sa baƙo ke sha'awarsa, amma ruwan da aka yi a duwatsu nesa, inda ko gajimarensa ba ka gani ba, kan iso cikin dare ya tafi da mutum da motarsa. A nemi tudu. A share ƙarangiya da ƙayar aduwa, a shimfiɗa tsohon tamfol ƙarƙashin daɓe ba tare da bakinsa ya leƙo waje ya tara ruwa ba. A nisanci hanyar dabbobi zuwa rijiya, a kuma nisanci dogon itace tilo lokacin tsawa. Kafin a buga turke, a gaida mutanen wurin a nemi izini, su ne suka san inda ruwa ke bi da inda iska ke bugowa; kuma da yake akwai yankunan da tsaro ya yi wuya, a tambayi hukuma halin hanya kafin a tashi. In an dawo gida, a shanya tanti ya bushe sarai a inuwa, a kakkaɓe ƙura, a goga kyandir a zif, a ajiye shi inda gara da ɓera ba su kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyyar Ingal a Satumba, ko rangadin hunturu, ya sayi tantinsa tun da sauran lokaci, ya kafa shi a tsakar gida sau biyu, sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare, har hannunsa ya san kowace sanda da kowace igiya. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya maido shi ga iyalinsa lafiya, ya kuma mayar da waɗanda tanti ya zame musu gida na dole zuwa garuruwansu. Amin.